Kasuwa da Hukuma a Harkar Waya da Intanet: Tambayoyi da Amsoshi Daga Rumfar Caji

Rumfata tana bakin kasuwar wani gari a ƙasar Ringim. Da safe ina makaranta ina koyarwa, bayan La'asar kuma ina zaune tsakanin wayoyin da aka kawo caji da na'urar POS. Wanda ya kawo caji ba ya saurin tafiya, shi ya sa bencina biyu suka zama majalisa. Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, gardamar da aka fi tafkawa ita ce: gwamnati ce ta yi sake kamfanoni suke yankar mu, ko kuwa yawan shisshiginta ne ya dagula lamarin? Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da yadda nake amsa su.

Malam, kullum sai mu ji ana cewa a sakar wa kasuwa mara. Me ake nufi?

Je ka Maigatari ran Alhamis. Babu jami'in da ke tasowa daga Dutse ya yanka wa bajimin sa farashi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a kai ga sallamawa. In shanu sun cika kara farashi ya sauka, in motocin Kudu sun yi layi ya tashi. Sakakkiyar kasuwa ke nan.

Amma fa Maigatari ba daji ba ce. Akwai shugabannin kara, akwai mai tsaya wa baƙo shaida don kada a sayar da saniyar sata, a wajen hatsi kuma akwai masu sa ido kada wani ya bubbuge gindin kwanon awo. Wannan shi ne aikin hukuma. A harkar waya masu wannan aiki su ne NCC, wadda aka kafa a 1992 don kula da kamfanonin sadarwa, da Babban Bankin Nijeriya mai kula da duk abin da ya shafi kuɗi a waya, da NITDA mai kula da fasahar kwamfuta da intanet, da FCCPC mai kare haƙƙin mai saye. Saboda haka babu mai hankalin da ke cewa a kori hukuma daga kasuwa. Inda ake saɓani shi ne: ta tsaya a gadin kwano, ko ta zauna a kan buhu tana awo da kanta?

Ni dai gani nake da gwamnati ta riƙe harkar wayar ta sayar mana da araha. Me zai hana?

An taɓa yi, Baba, kuma kai shaida ne. Zamanin NITEL, kamfanin wayar gwamnati, ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 ba ta da layukan da suka kai rabin miliyan. Mai son magana da ɗansa a Legas sai ya ɗauki murya a kaset ya ba direba, ko ya hau mota zuwa Kano ya bi layi. Masu shekaru kuma suna tuna hukumar sayen gyaɗa, wadda ita kaɗai ke yanke abin da za a biya manomi, har aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986.

A watan Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Da farko abin na masu hannu da shuni ne: layi kaɗai ya haura naira dubu 20, minti ɗaya naira 50, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi kana cewa "ba na jin ka", kuɗin minti guda za a zare. Kamfanonin suka ce lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Sai Glo ta Mike Adenuga ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa tun ranar farko. Ba a jima ba sauran suka bi sahu, abin da aka ce ba ya yiwuwa ya yiwu. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, kuma bafulatanin da ke kiwo a dajin Gumel yana jin farashin Wudil kafin ya kora dabbobinsa.

Ga abin da masu cewa "gwamnati ta cire hannu kawai" suke mantawa: gwamnatin ce ta buɗe ƙofar. Ita ta yi gwanjon a bainar jama'a, ita ta kafa dokar sadarwa ta 2003, ita ta wajabta wa kamfanoni su riƙa karɓar kiran juna. Ba don haka ba, da babba ya toshe ƙanana, kowa ya koma wajensa dole.

To in gasa ce magani, me ya sa kamfani ɗaya ne ke da sabis a ƙauyenmu, shi ma sai an hau tudu?

Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi a wajena. Kamfani lissafi yake yi. Ƙarfen sabis guda yana buƙatar janareta da man dizal, da batira, da mai gadi, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. In an kafa shi a Sabon Gari a Kano, dubban mutane masu sayen data ta dubbai za su hau kansa. In an kafa shi a ƙauyenmu, yawancinmu katin naira 100 muke sawa, shi ma ran kasuwa. Kasuwa ba ta zuwa inda ba riba, kuma wannan ba mugunta ba ce, halinta ke nan. Sai dai sakamakon shi ne duk labarin gasa da ake yi a rediyo ba da mu ake ba. Tun 2013 aka ba mutum dama ya sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Madalla. Ya sauya ya koma wa?

A nan ne ya kamata a ga hannun hukuma, kuma a takarda an tanada. Dokar 2003 ta kafa asusun USPF, wanda ake zuba masa wani kaso na kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC, don a kai sabis wuraren da ɗan kasuwa ba zai je da ƙafarsa ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan, har yanzu akwai garuruwan da ake rataye waya a reshen darbejiya ana jiran saƙo ya shigo.

Wani lokacin ma hukumar ce da kanta ke tare hanya. Kamfanin da zai binne igiyar intanet sai ya biya jiha kuɗin haƙa. An amince a matakin ƙasa cewa naira 145 ce kowace mita, amma wasu jihohin suka riƙa neman dubbai, suna ganin sun samu saniyar tatsa. A 2020 Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Duk jihar da ta tsauwala, sai igiyar ta tsaya a babban birni, ƙauye ya ci gaba da hawan tudu.

Akwai kuma Starlink mai zuwa ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Ba ruwansa da ƙarfe ko haƙa, amma kuɗin kwanonsa ya fi ƙarfin manomi ɗaya, sai dai a yi karo-karo.

Don me NCC ta yarda aka yi mana ƙarin kashi 50?

Kamfanonin ninki suka nema, aka ba su rabi, bayan an shafe fiye da shekara goma ba a taɓa farashin ba. A tsakanin nan an cire tallafin mai a 2023, an saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500. Kusan duk kayan aikinsu daga waje ake sayowa. MTN, wadda ta fi kowa girma, ta bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024.

Ba daɗin ƙarin na ji ba, ni ma data nake saye. Amma mun ga yadda ake yi da takin gwamnati: a takarda yana da araha, a gona babu shi, sai ka same shi a bayan fage da tsada. In an danne farashi da ƙarfi, tsadar ba ta ɓacewa, ta wata kafa take ɓullowa. A waya tana ɓullowa ne ta hanyar janaretan da ba a zuba wa mai ba da kiran da ke yankewa. Inda nake da ƙorafi shi ne an ce ƙarin zai zo da gyaran sabis. A Abuja akwai mai aunawa. A nan wa ke aunawa?

Kada kuma a ɗauka kullum hukuma ƙasa take jan farashi. A ƙarshen 2016 NCC ta so ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin da za a sayar da data, wai don kada manya su karya ƙananan kamfanoni da araha. Jama'a suka yi ca, aka janye.

Me addini ya ce game da ƙayyade farashi?

Ya tabbata cewa an yi tsada a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, bai yanka ba, ya nuna cewa Allah ne mai sanya farashi. Amma shi ne kuma ya hana ɓoye kaya don su yi tsada, ya hana tare fatake a hanya kafin su san farashin gari, ya tura hannu cikin tarin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce mai algus ba ya cikinmu. Malamai sun yi bayani cewa in 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan abin da jama'a ba su iya yi sai da shi, shugaba yana da damar shiga.

Ɗora wannan a kan waya. A saka maka waƙar kira ba ka nema ba ana zarar kuɗi duk mako, ko a sabunta maka data ba da izininka ba, ai jiƙaƙƙen ne a ƙasan buhu. Hana wannan ba shisshigi ba ne.

Haɗa layi da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ya amfane mu kuwa?

Manufar ba ta da laifi, layin da ba a san mai shi ba makami ne a hannun mai garkuwa da mutane. Tun a 2015 aka ci MTN tarar sama da naira tiriliyan ɗaya saboda layuka fiye da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. Matsalar ita ce yadda aka zartar. A tsakiyar Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana minista, aka ba da wa'adin mako biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aka yi ta ɗaga wa'adin har zuwa Satumbar 2024. Ma'aikacin birni ya fita hutun rabin rana ya gama. Matar ƙauye kuwa sai ta nemi izini, ta biya kuɗin mashin zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, a ce babu netwok, ta koma jibi. Doka ɗaya ce, amma nauyinta ba ɗaya ba ne.

Haka aka yi a Satumbar 2021 da aka kashe sabis a Zamfara da sassan Katsina don a toshe wa 'yan bindiga kafa. Ɗan kasuwa ya rasa ciniki, mai son sanar da jami'an tsaro an shigo garinsu shi ma ya rasa ta inda zai kira.

Kuɗina suna cikin waya. In kamfanin ya rushe fa?

Tambayi lasisinsa kafin ka tambayi garaɓasarsa. Wanda ke da lasisin Babban Banki na riƙe kuɗin jama'a yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe. Tun 2024 abin da take biya ya kai naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki na microfinance. Wannan kariya ce da kasuwa ba za ta taɓa samar wa kanta ba.

Labarin canjin kuɗi ya nuna fuskokin biyu a lokaci guda. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya janye tsofaffin takardun naira kafin sababbi su wadata. A farkon 2023 mutum ya sayar da akuya a rasa tsabar da za a biya shi, manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan maganar a watan Maris. Waɗanda suka ɗauki nauyin jama'a a lokacin su ne irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, har mai shayi da mai ƙosai suka buɗe asusu. Hukuma ta ɓata, kasuwa ta yi gyara. Sai dai mu 'yan POS ba mu fita da hannu mai tsabta ba. An kai lokacin da ake karɓar dubu biyu a kan dubu goma, domin mu ma sayen tsabar muke yi a gidan mai da wajen 'yan hatsi, wasunmu kuma suka ga banza ta faɗi. A Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da waɗannan kamfanoni daga ɗaukar sababbin mutane har sai sun gyara yadda suke tantance mai asusu, bayan 'yan makonni aka sake su. Wannan kam ban ga laifinsa ba, don asusun da ba a san mai shi ba nan kuɗin damfara ke sauka.

Masu ba da bashi a waya da masu cewa za su ninka kuɗi fa?

A nan sakin mara halaka ne. A kara kana iya buɗe bakin sa ka duba haƙoransa. A waya ba ka ganin komai sai hoto da alkawari. MMM ta daskare da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Manhajojin bashi kuma, ban da ruwan da suke ɗorawa, sukan kwashe lambobin da ke wayarka, in ka yi jinkiri su aika wa surukanka cewa kai ɓarawo ne. FCCPC ta fara kai musu samame a 2022 ta tilasta musu rajista, a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane. An rage, ba a gama ba.

Facebook da WhatsApp kyauta ne. Me ya kawo maganar kasuwa a ciki?

Ba kyauta ba ne, da bayananka kake biya: inda kake, abin da kake kallo, wa kake hulɗa da shi. Da su ake sayar wa masu talla hankalinka. Kuma irin wannan kasuwa tana da wani hali. Kowa yana WhatsApp ne don kowa yana can. Ko wani ya ƙera wadda ta fi ta, ba za ka koma kai kaɗai ka yi hira da bango ba. Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, rumfa uku suka zama na mutum ɗaya. A Yulin 2024 FCCPC ta ci uwar kamfanin, Meta, tarar dala miliyan 220 a kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025.

Amurka da ake kafa misali da ita wajen 'yancin kasuwa ita ce ta farfasa kamfanin wayarta AT&T a 1984 saboda babakere, a Agustan 2024 kuma wani alƙalinta ya yanke cewa Google ya kankane harkar bincike a intanet ta hanyar da ta saɓa doka.

Ni shaidata ma a rumfata take. Da ina da kwali cike da caja kala-kala, mai siririn baki, mai kauri, mai faɗi, kowane kamfani da nasa don ka dawo wajensa. Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga ƙarshen 2024 duk wayar da za a sayar a can sai mai bakin caji iri ɗaya. Har iPhone ta miƙa wuya tun 2023. Doka aka yi a Turai, sauƙinta ya iso har ƙasar Ringim.

Ba gara a rufe TikTok ba, tunda baɗala ta yi yawa?

Baɗalar gaskiya ce, ni ma ina da 'ya'ya. Amma an gwada rufewa. A Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta rufe Twitter bayan an goge wani saƙon shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Masu wayo suka zagaya ta VPN, manhajar tsallake toshiya, masu ƙananan sana'o'i suka yi asara, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa ƙa'ida. Lura da abin da ya jawo ta: ba tarbiyyar yaranmu ba ce, ran masu mulki ne ya ɓaci. Makullin da ka ba hukuma yau don ta rufe bakin mara kunya, da shi za ta rufe bakin wanda ya nuna hoton asibitin garinku babu rufi. A dandalin nan ne kuma matan aure ke sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin ɗaki, malamai ke karatu. Wanda ya yi laifi yana da suna da unguwa, a kai shi gaban alƙali.

An ce wani lokacin doka manya take taimaka wa. Gaskiya ne?

Ƙwarai. Babban kamfani yana da lauyoyi da ofis a Abuja, kowace sabuwar takarda aka ƙirƙiro zai cike. Yaron da ya koyo kwamfuta a Kazaure yana son ya haɗa manhajar da za ta sada manoman riɗi da masu saye a Dawanau, shi ne takarda ke kayarwa. Da aka ce a 2024 kowane ɗan POS sai ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, masu rumfa goma ba su ji komai ba, mai na'ura ɗaya a ƙauye ne ya yi ta zirga-zirga. Sauyin ra'ayi na dare ɗaya ma yana kashe jari: a Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kuɗin intanet na kirifto, a Oktoba ya fito da tasa nairar ta waya, eNaira, wadda har yau ban ga wanda ya zo rumfata da ita ba, a Disambar 2023 kuma ya janye hanin.

Kada mu ce don babu namu a sama ne. Umar Garba Ɗambatta ya shugabanci NCC daga 2015 zuwa 2023, Kashifu Inuwa Abdullahi ɗan Haɗeja yana NITDA tun 2019. Samun ɗa a kujera daban, samun mai zuwa ya tsaya a ƙofar rumfa ya ga sanda nawa sabis ke nunawa daban.

In an zare mini kuɗi ba gaira ba dalili, ina zan kai kuka?

Fara da kamfanin, ka kira su, ka sa su ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta a takarda. In sun yi biris, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, za su tambaye ka waccan lambar. In saƙonnin talla ne suka dame ka, tura STOP zuwa 2442. In tiransifa ce ta maƙale ko POS ya cire kuɗi bai biya ba, kada ka bar rumfar sai ka karɓi rasit ko ka ɗauki hotonsa, ka kai wa bankinka, in ya wuce lokacin da suka ɗiba ka kai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Lambar sirrinka kuwa, ko ni na ce ka faɗa mini don in taimaka maka, karɓi na'urar ka danna da hannunka.